Tambaya da Amsa: Cikin Dabba Mai Tuƙa

Tambaya: Malam, ana cewa saniya da tunkiya da akuya ciki huɗu gare su. Shin gaskiya ne? Kuma me ya sa rago ke kumbura, wani lokaci har ya mutu, idan ya ci hatsi da yawa? Daga wani mai turka a Gusau.

Amsa: Malam mai tambaya, cikin ɗaya ne, amma ɗakuna huɗu gare shi. Na farko shi ne tumbi, wanda a babbar saniya yakan ɗauki fiye da lita 100. Na biyu, mai zane irin na saƙar zuma, shi ke taimakawa wajen maido da abinci baki domin tuƙa, kuma a nan ƙusa ko waya ke maƙalewa idan dabba ta haɗiye su. Na uku mai falle-falle yana tsotse ruwa, na huɗu kuwa shi ke zuba ruwan tsami mai narkar da abinci kamar cikin mutum.

Amsar tambayarka ta biyu tana cikin tumbi. Dabba ba ta iya narkar da ciyawa da kanta. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a tumbin, suke ruɓar da ita, sannan dabbar ta sami mafi yawan ƙarfinta daga abin da suka fitar. Tuƙar da take yi, wadda kan kai awa 8 a yini, tana niƙe ciyawar, tana kuma kawo yawu mai yawa wanda ke rage tsamin tumbi. Hatsi ba ya buƙatar doguwar tuƙa, ga shi yana saurin ruɓa. Saboda haka idan ragon da ya saba da harawa ya cika ciki da dawa ko masara lokaci guda, tsami yakan yi yawa ya kashe halittun nan, tumbi ya daina motsi, iska ta kasa fita ta hanyar gyatsa, sai ka ga gefen hagu ya tashi.

Wannan asara tana damuna ƙwarai, domin ta fi aukuwa gab da layya, lokacin da ake gaggawar ƙibar da dabba. Ka riƙa ƙara hatsi kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku, ka fara ba da harawa kafin hatsi, kuma da zarar rago ya daina tuƙa ka kira likitan dabbobi a ranar.