Maigidana Yana Jin Faɗa a Muryata Alhali Ban Yi Fushi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana fama da cutar baifola, wadda ke jefa mutum cikin zumuɗi mai tsanani a wani lokaci, a wani lokacin kuma cikin matsananciyar damuwa, kuma yana shan maganinsa yadda aka tsara masa. Sau da yawa idan na yi masa magana cikin natsuwa, musamman ta waya, sai ya ce faɗa nake yi masa, wata rana kuma muryata har rawa take yi saboda ɓacin rai amma ba ya lura. Shin ciwon ne ko halinsa ne? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Abin da kika lura da shi sananne ne ga masana lafiyar ƙwaƙwalwa. Kowace magana tana ɗauke da saƙo biyu, wato kalmomin da aka faɗa da kuma yadda aka furta su: tashin murya da saukarta, ƙarfinta da saurinta. A shekarar 1981 wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Elliott Ross, ya bayyana yadda waɗanda ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsu ya samu rauni, misali bayan shanyewar ɓarin jiki, suke iya fahimtar kalmomi sarai amma su kasa bambance muryar murna da ta fushi.

Baifola ba ta kai nan ba, sai dai a gwaje-gwajen da ake kunna wa mutane jimla ɗaya da aka furta cikin murna, fushi, tsoro ko baƙin ciki, an sha samun masu wannan ciwo suna kuskure wajen gane yanayin muryar fiye da sauran jama'a, wasunsu ma a lokacin da suke cikin sauƙi, wasu kuwa ba su da wannan matsala ko kaɗan. Yanayin da mara lafiya yake ciki yana ƙara rina abin da kunnensa ya ji. A lokacin damuwa yakan ɗauki murya ta yau da kullum a matsayin zargi ko raini, a lokacin zumuɗi kuma tunaninsa yana gudu, yana saurin hasala, tsoro ko ɓacin ran wani yakan wuce shi. Waya tana tsananta lamarin domin ba ya ganin fuskarki.

A ganina, tarbiyyarmu ta kunya da kawaici tana ƙara wa irin maigidanki nauyi, domin mace takan ce "babu komai" ta bar muryarta ta isar da sauran, habaici da gatse kuwa kacokan a kan murya suka dogara. Saboda haka ki riƙa faɗin abin da ke ranki da kalmomi, kamar ki ce, "Maigida, ba fushi nake yi ba, gajiya ce," ko "Wannan maganar ta ɓata mini rai." Ki ajiye muhimmiyar magana sai kuna zaune tare, kuma idan ya fahimce ki a karkace ki gyara sau ɗaya cikin sanyi maimakon jayayya. Wannan ba ya nufin a jingina kowane saɓanin aure ga ciwon, kuma ciwon bai zama uzurin zagi ko duka ba.

Idan kika ga rashin fahimtar ya ƙaru cikin 'yan kwanaki, ga raguwar barci, yawan surutu ko kashe kuɗi barkatai, to wataƙila ciwon ne ke shirin tashi, sai ku hanzarta komawa wurin likitansa, ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Idan kuma ya fara jin muryoyin da babu mai yin su, ko ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar, kuma kada ya rage ko ya daina magani ba tare da umarnin likita ba.