Tambaya da Amsa: Wace na'urar wasan bidiyo ce ta fi kasuwa, kuma wane kamfani ne ke gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon gem a Kano, inda matasa ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation. Kwanan nan gardama ta kaure tsakanin abokan cinikina. Wasu sun ce babu na'urar da ta taɓa kamo ƙafar PlayStation a ciniki, wani ya ce ya gani a intanet cewa Nintendo ne kan gaba, wasu kuma suka ce Xbox ta mutu murus. Kowa ya nuno alƙaluma a wayarsa, amma alƙaluman ba su zo ɗaya ba. Don Allah wace na'ura ce ta fi kasuwa, wane kamfani ne ke gaba, kuma me ya sa lissafin yake saɓawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɓangare na abokan cinikinka yana da hujja a hannunsa, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa.

Idan tambayar ita ce wace na'ura guda ɗaya ce aka fi saya a tarihi, to PlayStation 2 ce, wadda ta fito a Japan a watan Maris na 2000, kuma kamfanin Sony ya tabbatar a 2024 cewa an sayar da fiye da miliyan 160. Na'urori biyu na Nintendo ne ke bin ta kusa da kusa: Nintendo DS, wadda ake riƙewa a hannu, ta sayar da miliyan 154, ita kuma Switch, wadda ta fito a watan Maris na 2017, ta haura miliyan 150 tun ƙarshen 2024. Daga nan sai Game Boy da ke da kusan miliyan 119, PlayStation 4 da ke da miliyan 117, PlayStation ta farko da ke da miliyan 102, sai Wii da ke da miliyan 101. Babu ko ɗaya daga cikin na'urorin Xbox da ta kai miliyan 100. Wadda ta fi tashe a cikinsu ita ce Xbox 360, kuma adadin da aka sani nata ya tsaya a kusan miliyan 84. Don haka wanda ya ce PlayStation ce ke riƙe da kambu ya faɗi gaskiya game da na'ura guda, shi ma wanda ya ambaci Nintendo bai yi ƙarya ba, domin a cikin waɗannan na'urori bakwai da suka haura miliyan 100, huɗu na Nintendo ne.

Saɓanin alƙaluma kuwa yana da dalilai, kuma babban cikinsu shi ne kalmar sayarwa tana ɗauke da lissafi iri biyu. Akwai abin da kamfani ya tura wa 'yan sari da manyan kantuna ya karɓi kuɗinsa, akwai kuma abin da ya bar kanti ya shiga hannun mai saye. Rahoton da Sony da Nintendo ke gabatar wa masu hannun jari duk bayan wata uku yana dogara ne da lissafin farko. A watan Disamba na 2023 Sony ya sanar cewa zuwa ranar 9 ga watan mutane sun sayi PlayStation 5 miliyan 50, amma da rahoton ƙarshen wannan watan ya fito, adadin da aka tura kasuwa ya haura miliyan 54. Wani ɓangare na tazarar cinikin lokacin Kirsimeti ne, wani ɓangaren kuma kayan da ke jibge a rumbunan ajiya da kantuna ne, ba su riga sun samu masu su ba. Mutum biyu za su iya kawo waɗannan alƙaluma biyu, kowannensu daga bakin Sony, su yi ta musu har dare alhali babu wanda ya yi kuskure.

Sai kuma batun wanda ya yi ƙidayar. Kamfanin Circana, wanda a da ake kira NPD, yana bin diddigin cinikin Amurka ne, mujallar Famitsu kuma tana fitar da na Japan mako-mako. Idan ka ga na Japan za ka ɗauka Nintendo ya gama da kowa, domin a can Switch ta yi wa PlayStation fintinkau, Xbox kuwa ba ta taɓa samun gindin zama a ƙasar ba. Akwai kuma shafuka irin su VGChartz da ke fitar da ƙiyasi na duniya baki ɗaya, kuma ƙiyasi ne suke yi, ba su da takardun cinikin kamfanonin a hannunsu. A ganina irin waɗannan shafuka suna da amfani wajen gane inda kasuwa ta dosa, amma bai dace a kafa hujja da lambobinsu kamar daga littafin kamfani aka kwafo su ba. Ka ƙara da cewa ana haɗa samfura da dama a ƙarƙashin suna ɗaya. Adadin Game Boy ya ƙunshi Game Boy Color, na Switch kuma ya ƙunshi Switch Lite da samfurin OLED, kuma gida ɗaya na iya mallakar biyu ko uku daga cikinsu. Tsawon zama a kasuwa ma yana da tasiri, domin an yi kusan shekara 13 ana ƙera PlayStation 2, saboda haka ba a yi adalci ba idan aka gwada ta da PlayStation 5 da ta fito a watan Nuwamba na 2020, wadda ta haura miliyan 80 a tsakiyar 2025.

Game da Xbox, dalilin da ya sa kake ganin lambobi mabambanta shi ne tun a watan Oktoba na 2015 kamfanin Microsoft, mai ƙera Xbox, ya daina bayyana yawan na'urorin da ya sayar, ya koma yin magana kan yawan masu amfani da hidimominsa da kuɗin da ke shigowa. Abin da aka sani tabbas ya fito ne daga takardun shari'a da na hukumomi. Lokacin da Microsoft ke neman izinin sayen kamfanin wasanni na Activision Blizzard, ya shaida wa hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birazil a 2022 cewa PlayStation 4 ta ninka Xbox One a ciniki fiye da sau biyu. A 2023 kuma, a shari'arsa da hukumar cinikayya ta Amurka, lauyoyinsa sun rubuta ƙarara cewa Xbox ta sha kaye a gasar na'urori, suka ce kasonta a cinikin 2021 kashi 16 ne cikin ɗari. Ya kamata a lura cewa a lokacin amfanin Microsoft ne ya nuna kansa ƙarami, don kada hukumomi su ce zai mamaye kasuwa. Duk da haka babu mai jayayya cewa Xbox ce ta uku.

Tarihin wannan gasa ya nuna cewa farashin ranar farko da yadda kamfani ya ɗauki masu sayensa suna iya yanke hukuncin shekara shida ko bakwai masu zuwa. A baje kolin wasannin bidiyo na E3 na farko da aka yi a Los Angeles a watan Mayu na 1995, kamfanin Sega ya sanar cewa zai sayar da na'urarsa Saturn a kan dala 399. Da aka zo kan Sony, sai wani jami'insa mai suna Steve Race ya hau mumbari ya furta lamba ɗaya tak, 299, ya sauka abinsa, zauren kuma ya ɗauki tafi. Sega bai farfaɗo daga wannan zamani ba, kuma bayan na'urarsa ta gaba, Dreamcast, ta tsaya a miliyan 9 da ɗoriya, sai ya daina ƙera na'urori a 2001 ya koma yin wasanni kawai. Shi ma Sony ya faɗa irin wannan rami a 2006, lokacin da ya sanya wa babban samfurin PlayStation 3 farashin dala 599, bayan Xbox 360 ta riga ta shekara guda a kasuwa. Da ƙyar ya kamo Microsoft a ƙarshen zamanin, inda PlayStation 3 ta kai miliyan 87, duk da cewa ita ma Xbox 360 ta yi fama da matsalar lalacewa da ta sa Microsoft ya ware fiye da dala biliyan 1 a 2007 don gyara da tsawaita garanti. A 2013 lamarin ya sake juyawa. Microsoft ya fito da Xbox One a kan dala 499 tare da na'urar Kinect mai gane motsin jiki, wadda ba kowa ke so ba, ya kuma sanar da ƙa'idojin da za su taƙaita aro da sayar da faifan da aka yi amfani da shi. Sony ya sanya PlayStation 4 a kan dala 399, sannan ya fitar da ɗan gajeren bidiyo na daƙiƙu kaɗan inda wani shugabansa ya miƙa wa abokin aikinsa faifai hannu da hannu, a matsayin bayanin yadda ake aron wasa a na'urarsu. Microsoft ya janye ƙa'idojin cikin 'yan kwanaki, amma aikin gama ya gama.

Nintendo kuwa ya daɗe da fita daga tseren ƙarfin inji. Bayan GameCube ta tsaya a ƙasa da miliyan 22, sai ya zaɓi ƙera na'urori marasa tsada da ke dogara da sabuwar hanyar wasa da kuma wasanninsa na gida da ba a samu a wani wuri. Wannan dabara ta haifar da Wii, ta kuma gaza a Wii U wadda ba ta kai miliyan 14 ba, sannan ta sake yin nasara a Switch. Wasa ɗaya kawai, Mario Kart 8 Deluxe, ya sayar da kwafi fiye da miliyan 60 a kan Switch, kuma duk wanda yake son buga shi dole ya sayi na'urar Nintendo. Switch 2 da ta fito ranar 5 ga Yuni 2025 ta sayar da fiye da miliyan 3.5 a kwana huɗu na farko.

Abin da nake so abokan cinikinka su fi fahimta shi ne ribar wannan sana'a ba a jikin akwatin na'urar take ba. A shari'ar kamfanin wasanni na Epic da kamfanin Apple a 2021, wata babbar jami'ar Xbox ta shaida wa kotu cewa Microsoft bai taɓa cin riba daga sayar da na'urar kanta ba, shugaban Xbox na lokacin Phil Spencer kuma ya ce a 2022 suna yin asarar dala 100 zuwa 200 a kan kowace guda. Lamarin ya yi kama da wanda ya gina kasuwa ya raba rumfuna da araha, don ya riƙa karɓar kasonsa a kan duk cinikin da aka yi a ciki. Kason da masu na'urori suka saba karɓa a shagunansu na intanet shi ne kashi 30 cikin ɗari na kuɗin wasa, ga kuma kuɗin rajista na wata-wata. Wannan ne ya sa Microsoft ya kashe dala biliyan 7.5 ya sayi kamfanin wasanni na ZeniMax a 2021, ya kuma kammala sayen Activision Blizzard, masu Call of Duty, a watan Oktoba na 2023 a cinikin da ya kai dala biliyan 68.7. A watan Fabrairu na 2024 ya ce masu biyan kuɗin Game Pass, wato tsarinsa na rajistar wasanni ta wata-wata, sun kai miliyan 34, kuma a wannan shekarar ya fara kai wasanninsa irin su Sea of Thieves zuwa PlayStation 5, sannan Forza Horizon 5 ya biyo baya a 2025. Saboda haka cewa Xbox ta mutu bai yi daidai ba. Na'urar ta koma baya ƙwarai, amma kamfanin ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayar da wasanni a kan na'urar abokin hamayyarsa. Ni dai ina ganin wannan mataki yana da haɗari, domin duk wasan da ya tsallaka zuwa PlayStation yana rage wa mutum dalilin sayen Xbox, kuma kamfanin da ya rasa masu na'urarsa sai ya koma biyan wani kamfani kaso 30 ɗin da a da shi ke karɓa.

Akwai kuma abin da ya shafi shagonka kai tsaye. Da yawa daga cikin na'urorin da ke shagunan gem a garuruwanmu na hannu ne, an fara sayen su ne a Turai ko Amurka ko wata ƙasa kafin su iso nan, kuma a lissafin kamfani an ƙirga kowace sau ɗaya ne tak, a ƙasar da aka fara sayar da ita. Matasa goma ko ashirin da ke layi a kan PlayStation ɗaya a shagonka ba sa cikin kowane rahoto. Amma alƙaluman duniya suna riskar ka ta bayan gida, domin na'urar da aka sayar da miliyan 117 za ta cika kasuwar kayan hannu, kayan gyaranta za su samu, masu gyaranta ma za su yawaita. Masu yin wasanni su ma yawan na'urori suke bi. Kamfanin EA, wanda ya rabu da sunan FIFA ya koma EA Sports FC a 2023, ya ci gaba da fitar da wasan ƙwallonsa a kan PlayStation 4 har zuwa fitowar 2025, shekara 12 bayan fitowar na'urar. A da can al'ada ce farashin na'ura ya riƙa sauka yayin da take tsufa, amma a wannan zamani akasin haka aka gani, domin Sony ya ƙara kuɗin PlayStation 5 a ƙasashe da dama a watan Agusta na 2022, ya kuma ƙara dala 50 a Amurka a watan Agusta na 2025, Microsoft ma ya ƙara na Xbox a 2025. Idan kana tunanin sabunta na'urorin shagonka, kada ka gina lissafinka a kan cewa sabuwar PlayStation 5 za ta yi araha nan kusa, kuma PlayStation 4 ɗin da ke hannunka za su ci gaba da yi maka aiki muddin ana fitar musu da sabon wasan ƙwallo kowace shekara.