Tambaya da Amsa: Sabis cike, intanet na rarrafe

Wasiƙun wannan watan yawancinsu a kan jinkirin intanet suka taru, don haka na zaɓi huɗu daga ciki. Masu tambaya a kan batirin sola su yi haƙuri sai wata mai zuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina zaune Mabera. Bayan sallar isha'i sandunan sabis ɗina cike suke, ga 4G rubuce, ga data na saye, amma in na tashi sauke bidiyon lacca sai gudun shi hau, shi sauka, shi sake hawa. Da asuba kuwa nan da nan bidiyon ya sauka. Mi ka kawo haka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sandunan nan ƙarfin siginar da ke tsakanin wayarka da ƙarfen sabis kaɗai suke nunawa, ba ruwansu da yawan mutanen da ke kan ƙarfen a lokacin. Bayan isha'i kuwa duk Mabera ta ci tuwo ta ɗauki waya, kuma abin da ƙarfen ke iya bayarwa rabawa ake yi. Da asuba kai da tsirarun mutane ne a kai. Wannan shi ne rabin amsar, kuma na san ka riga ka yi zargin haka. Hawa da saukar da kake gani ita ce ta fi buƙatar bayani, domin da gangan ake yin ta.

Bidiyo ba ya zuwa a dunƙule. Yanka shi ake yi ƙananan fakiti-fakiti, kowanne bai wuce bayit 1,500 ba (bayit ɗaya kamar harafi ɗaya ne), wato bidiyo mai MB 30 ya kai fakiti 20,000. Ƙa'idar da ke kula da jigilarsu ana kiranta TCP, wadda Vint Cerf da Bob Kahn suka zana tushenta a 1974. Aikinta shi ne, in fakiti sun iso, wayarka ta mayar da amsa cewa ta samu. Wanda ba a ji amsarsa ba a sake turo shi. Matsalar ita ce kwamfutar da ke turo maka bidiyon, ko a Legas take ko a Landan, ba ta san faɗin hanyar da ke tsakaninku ba, kuma babu wanda zai gaya mata. Dole ta gwada ta gani.

Ka taɓa tsayawa ka kalli ɗan bumburutu yana zuba wa ɗan kabu-kabu mai? Ga galan a hannu, ga mazurari a bakin tanki. Ba ya kifa galan ɗin gaba ɗaya. Yana farawa a hankali, ya ga man na wucewa sai ya ƙara karkatawa, idonsa na kan mazurarin. Da ya ga man ya taso kusa da baki sai ya ɗaga hannu, ya jira ya sauka, ya ci gaba. Wuyan mazurarin shi ne wurin da ya fi ƙunci a hanyarka, wanda sau da yawa ƙarfen sabis ɗin unguwarku ne. Cikin mazurarin shi ne ma'ajiyar da fakiti ke jiran layi. Man da ya zube ƙasa shi ne fakitin da na'ura ta yar saboda babu wurin ajiye shi. Bambancin kawai, mai turo bidiyo ba ya ganin mazurarin. Sai ya ji shiru a kan wani fakiti sannan ya gane an yi ɓari.

Ga yadda yake lissafin. Yakan fara da fakiti goma. Amsa ta dawo, ya tura ashirin, sannan arba'in, sannan tamanin, yana ninkawa a kowane zagaye. Da zarar wani ya ɓace sai ya ja baya da ƙarfi, a tsohon tsari ya rage rabi cif, daga nan ya riƙa ƙara fakiti ɗaya-ɗaya har a sake yin ɓari. Lambar da kake gani tana hawa tana sauka a fuskar wayarka, hannun nan ne ake karkatawa ana ɗagawa.

Ba haka intanet ta faro ba, sai da aka sha wuya. A watan Oktoban 1986, hanyar da ta haɗa cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, wuraren da tazararsu ba ta wuce yadi 400 ba, ta faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40. Bit 40 harafi biyar ke nan a daƙiƙa. Ƙwararren mai buga rubutu a shagon kwamfuta ma yana iya kamo ta. Babu wayar da ta tsinke. Kwamfutocin ne, duk wadda ta ji amsa ta yi jinkiri sai ta sake turo abin da ta riga ta tura, layi ya ƙara tsawo, amsa ta ƙara jinkiri, ta sake turowa. Hanya ta cika maƙil da maimaici. Van Jacobson da Michael Karels ne suka bi diddigin abin, a 1988 aka gabatar da maganin da na zayyana maka a sama. A ganina wannan gyaran yana cikin manyan dalilan da suka sa intanet ta iya ɗaukar biliyoyin mutane, alhali babu wani ofishi da ke raba wa kowa gudunsa. Kowace na'ura ce ke kame kanta.

An yi ta gyare-gyare bayan nan. Tun 2006 tsarin Linux, wanda Android ke kansa, yake amfani da wani salo mai suna CUBIC, da ke rage kashi 30 cikin ɗari maimakon rabi, kuma ya fi saurin komawa inda ya tsaya. A 2016 Google ya fito da BBR, wanda ba ya jiran sai an yi ɓari: yana auna yawan abin da ke wucewa da lokacin da amsa ke ɗauka, ya daidaita turawarsa da hakan. YouTube na amfani da shi. Shawarata gare ka mai sauƙi ce, ka riƙa sauke laccocinka da asuba, tunda ka riga ka gano lokacin da kanka.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da atamfa da leshi daga gida a Runjin Sambo. Duk lokacin da nike ɗora bidiyon kaya a status, in kwastoma ta kira ni ta WhatsApp sai murya ta riƙa yankewa, ko in yi magana sai an jima ta ji. Wayar ce ta tsufa?

AMSA: Hajiya, kada ki yi asarar kuɗinki a kan sabuwar waya tukuna. Masu ƙera na'urorin sadarwa sun ga zubar da fakiti abin ƙi ne, ma'ajiya kuma ta yi arha, sai suka yi ta faɗaɗa ta. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne bai yi daɗi ba. Mai turawa yana jiran ɓari kafin ya sassauta, ɓarin kuma ba ya zuwa sai ƙatuwar ma'ajiyar ta cika. Kafin nan fakitin bidiyonki ɗaruruwa sun yi layi, muryarki kuma dole ta bi bayansu. Bidiyo bai damu da jiran daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. Magana kuwa in ta makara da rabin daƙiƙa ma sai ku fara katse juna, kuma fakitin muryar da ya zo a makare yar da shi ake yi, shi ne yankewar da kike ji. Wani injiniya mai suna Jim Gettys ne ya fito da wannan matsalar fili a 2010, bayan ya lura da ita a intanet ɗin gidansa, sannan a 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson ɗin nan dai suka kawo CoDel, dabarar da ke duba tsawon lokacin da fakiti ya yi a layi, ta yar da kaɗan da wuri don mai turawa ya farga.

Abin ya fi tsanani wajen ɗorawa, domin hanyar fita daga waya ta fi ta shigowa ƙunci. In kira ya shigo, ki dakatar da ɗora bidiyon har ku gama ciniki. Ki kuma duba ko wayar na kwashe hotunanki zuwa ma'ajiyar Google da rana ba da saninki ba. Na sha ganin wayoyin da wannan ne kaɗai ciwonsu.

TAMBAYA: Ina da shagon intanet kusa da Gawon Nama, kwamfuta takwas a kan rauta guda. Lokacin rajistar JAMB in yaron shagona ya kunna manhajar nan mai saurin sauke fim, sai sauran kwamfutocin dut su tsaya. Shi kuma ya rantse manhajar ƙara gudun intanet takai. Wa ad da gaskiya?

AMSA: Alhaji, kai ne da gaskiya, amma shi ma abin da idonsa ya gani ya faɗa. Manhajar ba ta ƙara wa layinka ko bit ɗaya. Abin da take yi shi ne ta raba fim ɗin gida takwas ko goma sha shida, ta buɗe wa kowane kashi tasa hanyar. Shi kuma rabon da TCP ke yi, tsakanin hanyoyin da aka buɗe yake yinsa, bai san mutum ba. Ka ga in yaronka ya buɗe goma sha shida, ɗalibai bakwai kuma kowa na da ɗaya, ya kwashe wajen kashi biyu cikin uku na layin shi kaɗai. In ɓari ya faru ma, ɗaya daga cikin hanyoyinsa ce za ta ja baya, sauran sha biyar na nan suna turawa, ita kuwa yarinyar da ke cike fom hanyarta guda ce, in ta ja baya shi ke nan. Gudun da yake murna da shi na kwastomominka ne.

Ba sai ka kore shi ba. Shiga saitin rautarka, wato na'urar da ke raba wa kwamfutocin intanet, ka nemi wurin da aka rubuta QoS ko SQM. In akwai, ka fara auna gudun layin lokacin da ba kowa a kai, sannan ka ƙayyade shi ƙasa kaɗan da abin da ka samu, kamar kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari. Za ka ga kamar ka yi asara, amma hakan na sa layin jiran ya dawo cikin rautarka, inda za ta iya raba shi daidai tsakanin kwamfutocin. Don ka tabbatar, buɗe baƙin allon umarni a kwamfuta ɗaya ka rubuta ping da adireshin wani shafi, ka sa yaron ya kunna fim ɗinsa, ka kalli lambobin da ke nuna lokacin da amsa ke ɗauka kafin ta dawo. Kafin gyara za ka ga sun yi tsalle daga gommai zuwa ɗaruruwa. Bayan gyara ya kamata su zauna kusa da inda suke. In rautar ba ta da wannan saitin, to doka ce ta rage: ba sauke fim sai an tashi shago.

TAMBAYA: Mi ya sa wasu shafukan ka buɗewa nan take, wasu kuwa sai sun yi nawa, alhali layi guda ne? Daga wani ma'aikacin lafiya a Wamakko.

AMSA: Malam, nisa ne yawanci. Hasken da ke ɗauke da saƙon intanet a cikin wayar gilashi yana cin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Daga Sakkwato zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, kebul ɗin MainOne kuma daga Legas zuwa Fotugal ya kai kilomita 7,000 a ƙarƙashin teku. Tunda mai turawa sai ya ji amsa yake ninka abin da yake turowa, wanda ke Turai kowane zagayensa ya ninka na wanda ke Legas tsawo sau da yawa, kafin ya kai cikakken gudu an jima. Shi ya sa manyan kamfanoni ke ajiye kwafin kayansu a Legas, abin da jama'a suka fi nema ya zo daga kusa. Ƙaramin shafin da ke zaune a kwamfuta guda a Amurka ba shi da wannan gatan. In ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu suka lalace a gaɓar tekun Kwaddebuwa, intanet ba ta ɗauke gaba ɗaya ba a wurare da dama. An karkatar da kaya zuwa kebul ɗin da suka rage, suka cika, kowace na'ura ta ja baya, aka yi makonni ana lallaɓawa har aka gyara.