Amsa: g na fitowa 9.1 a gwajin fendulum

Ɗan'uwa, ka ce a gwajin fendulum (dunƙulen ƙarfe mai lilo a jikin zare), g, wato yadda jan ƙasa ke ƙara wa abu mai faɗowa sauri, na fito maka 9.1 maimakon 9.8. Fara duba awon zaren. Ana aunawa ne daga inda aka rataye shi har tsakiyar dunƙulen ƙarfen, ba iya ƙullin ba. Tunda g = 4π²L/T² (L shi ne tsawon, T kuma lokacin zuwa da dawowa sau ɗaya), duk abin da ka tauye a tsawo sai ya rage amsar.

Sai kuma jan da kake masa. Kada ya wuce digiri 10, domin in ka ja shi sosai, lilon yakan daɗe fiye da yadda lissafin ya nuna. Ka ɗauki lokacin zuwa da dawowa 20, ka raba gida 20. Da zare mai mita 1, jimlar za ta kai kusan sakan 40. Nauyin ƙarfen ba ruwansa, amma ka kashe fanka don kada iska ta dagula lilon.