Mu ma haka Baba ya ce a fitar da ita

Assalamu alaikum 'yar uwa. Na karanta tambayarki har sau biyu, don kamar a tsakar gidanmu kika tsaya kika rubuta ta. Kin ce yaranki sun tsinto 'yar kyanwa sun maƙale mata, maigida ya ce kada ya dawo ya tarar da ita, Hajiya surukarki kuma na cewa mage ba abin ajiyewa ba ce, kina neman yadda za ki shawo kansu. Abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Da damina autanmu ya shigo da tamu a cikin hularsa, jiƙe sharkaf. Daga kwalbati ya ciro ta a hanyarsa ta dawowa daga makarantar allo. Baba na zaure, ya ɗaga kai ya ce, "Mayar da ita inda ka ɗauko ta. Ba a yi mini kiwon ɓarauniya a gida." Muka yi tsit. Umma ce ta roƙi alfarmar a bar ta ta kwana, in ruwa ya ɗauke a san yadda za a yi. Shekara bakwai Lami, sunan da muka sa wa kyanwar ke nan, ta yi a gidan nan.

Umma ba ta sake tayar da maganar ba. Ba ta ce masa ai akwai lada ba, ba ta jawo masa hadisi ba. Mutumin da ya sauke Muwaɗɗa tun kafin a haife mu, wa zai zaunar da shi ya yi masa wa'azin mage? Sai ta bi a hankali ta gano ainihin abin da yake ƙi. Ashe yana yaro a ƙauye muzuru ya ƙarar musu da 'yan tsaki, sannan ba ya ƙaunar warin kashin mage a lungu. To waɗannan biyun aka yi wa magani. Aka samo tsohuwar roba mai faɗi aka cika da yashi aka ajiye bayan ɗakin girki. Mage ba ta buƙatar dogon koyo a nan, halinta ne ta tona ta binne. Auta ke kwashewa kowace safiya kafin Baba ya dawo daga masallaci. Nama da kifi a rufe, 'yan tsaki a cikin akurki, ita kuma a ba ta nata a kan lokaci, don yawancin satar mage yunwa ce. Ke ma ki nemi lokacin da ran maigida ke sanye ki tambaye shi me ya fi damunsa da ita. Wari ne, gashi a kan kujera ne, ko tsoron ta yakushi yara? Kowanne da maganinsa. Kuma wahalarta duka ta zama taku ke da yara, kada ko sau ɗaya ta faɗo kansa.

Sauran aikin ita da kanta ta yi. Da hunturu ya shigo, Baba kan zauna a kan buzunsa bayan sallar asuba, lulluɓe da bargo, yana lazimi. Sai ta lallaɓo ta kwanta a gefen buzun. Da farko yakan ture ta da bayan hannu. Ta tafi, gobe ta dawo. Wata safiya na kawo masa koko da ƙosai, na tarar tana barci a kan bakin rigarsa. Na ajiye kofin ɗan nesa da shi, sai na ga ya miƙa hannu iya tsawonsa ya jawo, bai yarda ya motsa ƙafarsa ba. Na fita ban ce komai ba.

Batun Hajiya kuwa, mu ma muna da kakarmu da ta tashi da jin cewa mayu na rikiɗa su zama mage, musamman baƙa. Kada ki yi mata dariya, kada kuma gyaran ya fito daga bakinki, ke suruka ce. A gidanmu ranar da Lami ta sa baki a kwanon ruwan alwalar Baba, kaka ta ce a zubar, ta ɓata shi. Baba da kansa ya ce a bar shi. Ya ba ta labarin sahabi Abu Ƙatada da ya shiga wurin Kabsha matar ɗansa, ta zuba masa ruwan alwala, mage ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Da ya ga Kabsha na kallonsa da mamaki, ya gaya mata Annabi (SAW) ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninku. Kaka ta yi shiru. Gaskiya har ta rasu ba ta taɓa ɗaukar Lami ba, kuma ba ta yarda ta shiga ɗakinta ba, amma ta daina korarta da tsintsiya. Wani iyakarsa ke nan, kuma ya wadatar.

Ranar da muka san Baba ya kamu ita ce da Lami ta ɓace kwana uku. Bayan isha'i sai ga shi da tocila yana leƙa bayan randa da ƙarƙashin mota, yana tsayar da almajirai yana tambaya ko sun ga wata mage mai ja da fari. A sito aka same ta bayan buhunan masara da 'ya'ya huɗu. Cikin mage mako tara ne kacal, kuma tana iya ɗauka tun tana wata biyar ko shida, don haka tun yanzu ki yi magana da likitan dabbobi a kan aikin hana haihuwa. Kyanwa ɗaya da aka yi haƙuri da ita daban, biyar daban.

Akwai abin da na koya da hawaye. Ɗaya daga cikin 'ya'yan nan ya yi rashin lafiya, na ɓallo masa ɗan guntun farasitamol, ina ganin taimako ne. Bai kai kwana biyu ba. Daga baya likita ya gaya mini hantar mage ba ta iya sarrafa wannan magani, guba ne a gare ta komai ƙanƙantarsa. Haka albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini, don haka ba kowane ragowar miya ake zuba mata ba. Madarar shanu na sa da yawansu zawo. Shinkafar ɓera kuwa ki raba gidanki da ita, don mage na iya cin ta, ko ta ci ɓeran da ya ci. In ta kai wata uku a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, a ba ta maganin tsutsar ciki. Kuma in kina da juna biyu, wani ya riƙa kwashe yashin, ba ke ba, kullum kuma, kada ya kwana, saboda akwai ƙwayar cuta a kashin mage da ke iya taɓa ɗan da ke ciki.

In akwai mai asma a gidan kuma kin lura numfashinsa na tashi in tana kusa, wannan ba ƙiyayya ba ce, lafiyar mutum ce a gaba. Haka in maigida ya tsaya kai da fata, kada ki ɓoye ta a ɗaki kina ciyarwa a bayan idonsa. Ki nemo mata gidan da za a riƙe ta da amana. Amma a jefar da ita a bola ko a kulle ta da yunwa, kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba.

In kuwa kin ga ya fara saukowa, don Allah ki ja kunnen yara kada wanda ya ce, "Abba, ashe kana son ta!" Wannan maganar kaɗai na iya mayar da hannun agogo baya. Baba bai taɓa furta cewa yana son Lami ba, ko sunanta ba ya kira. Duk ranar kasuwa dai yakan dawo da ɗan ƙullin busasshen kifi daban da cefane, ya miƙa wa Umma ya ce, "A cire ƙayar, a ba waccan."