Kafin ka sake canza masu faswod, duba agogo

Malam, ka ce ma'aikatanku masu aiki daga gida VPN, wato hanyar da suke bi su shiga netwok ɗin ofis daga nesa, na ƙin karɓar su alhali sun rantse faswod ɗin daidai ne, in ka canza masu kuma gobe abin ya dawo. Shekara shida ina kula da netwok ɗin wani kamfani, wlh na sha wannan ciwon kan, dan Allah dakata da canjin nan tukunna.

Fara duba agogo. Lambobi shida ɗin da manhajar waya ta Google Authenticator ke bayarwa don a saka bayan faswod duk sakan 30 suke canzawa kuma da lokacin wayar ake lissafa su, in agogon ya kauce to ko sau ɗari mutum ya saka ba zai shiga ba. Akwai wata baiwar Allah a sashen kuɗi, kwana uku muna fama har ta fara kuka a waya saboda albashin mutane na hannunta, ashe ta tura agogon wayarta gaba da minti goma don kar ta riƙa makarar kai yara makaranta. Muna mayar da shi otomatik ta shige. Laftop ma haka, Kerberos, tsarin da Windows ke tantance mai shiga da shi, ba ya yarda in bambancin agogonta da na sabar (babbar kwamfutar ofis) ya haura minti 5, musamman tsofaffin da ƙaramin batirin cikinsu mai riƙe agogo ya mutu.

Wanda kuma akawun ɗinsa ke kullewa kullum, yawanci wayarsa ce, ya canza faswod a kwamfuta amma imel ɗin waya na can yana ta gwada tsohon har sai an kulle shi. Leƙa sabar Active Directory, inda ake ajiye akawun ɗin ma'aikata, ka nemi lamba 4740 a log, wato rajistar abubuwan da suka faru, za ka ga lokacin da aka kulle, sau da yawa har sunan na'urar.

In kuma saƙon amincewa ne ke zuwa waya mutum ya danna amma VPN ya riga ya yanke, lokacin da VPN ke jiran amsar RADIUS, sabar da ke tantance mai shiga, ne ya yi kaɗan, kai shi sakan 60, ba kowa ke da netwok mai ƙarfi a gida ba.

Amma fa in kowa da kowa ne ya kasa shiga rana ɗaya, bar ma'aikata su huta, satifiket ɗin sabar VPN, wato shaidar tsaronta, zaka duba ko wa'adinsa ya ƙare. Mutum nawa ne abin ya shafa a wajenku, kuma wane saƙo yake nuna masu? Turo hoton allon, ka dai rufe sunan mutum da adireshin sabar.