Amsa kan ginin wurin shaƙatawa: inda ya kamata kuɗin su fara shiga

Assalamu alaikum. Malam, ka ce an ba kwamitinku fili domin a yi wurin shaƙatawa na jama'a, kuma kun rabu biyu: wasu na son babban ɗakin taro mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, wasu na son ƙananan gine-gine masu sauƙin kuɗi. Na daɗe ina sa ido kan ayyukan gini irin waɗannan, kuma shawarata ita ce ku ajiye maganar ɗakin taro tukuna, ku fara tambayar kanku wa zai riƙa biyan kuɗin kula da wurin bayan an yi bikin buɗewa kowa ya watse.

Ginin da ya fi kowane muhimmanci a wurin shaƙatawa shi ne ban-ɗaki, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Na sha ganin wurin da aka kashe dukiya kan ƙofar shiga mai ado, amma kafin damina ta zagayo an garƙame ban-ɗakin da kwado saboda babu ruwa, famfunan sun karye, sokawe ya cika, mutane sun koma zagayawa bayan katanga. Daga ranar da haka ta faru magidanci ba zai ƙara kawo iyalinsa ba. Saboda haka rijiyar burtsatse mai aiki da sola, da tankin da aka ɗora a sama, da ban-ɗakin maza, da na mata daban wanda ƙofarsa ba ta kallon inda maza ke zama, da wurin alwala, su ne farkon abin da za a ware wa kuɗi. Ku sa ban-ɗakin tsuguno ya fi yawa domin ya fi jure hannun jama'a, amma a bar ɗaya na zama mai faɗin ƙofa, marar matakala, saboda tsofaffi da masu keken guragu.

Game da gilashi kuwa, ina ganin kuskure ne a ƙasa mai zafi irin tamu. Ɗakin da bangonsa gilashi ne ba ya zaunuwa a watan Afrilu sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da janareta, janareta kuma sai da man dizal kullum, ga ƙurar hunturu da za ta sa a riƙa goge shi safe da yamma. Akwai misalin da ya cancanci ku nemi hotunansa ku duba: babban wurin shaƙatawa na ƙasar Mali da ke Bamako, wanda aka buɗe a 2010 lokacin cikar ƙasar shekara 50 da samun 'yancin kai. Gidauniyar Al'adu ta Aga Khan ce ta yi aikin tare da gwamnati, Francis Kéré ɗan Burkina Faso kuma ya zana gine-ginen. Ya lulluɓe bangon da dutsen yankin, ya ɗora rufi mai faɗi wanda ya zarce bango sosai, ta yadda inuwa ke sauka a jikin ginin, iska kuma ke ratsawa ta ƙarƙashin rufin. Abin da ya fi burge ni ma ba zanen ba ne, yarjejeniyar shekara 25 ce da aka ƙulla kan gudanar da wurin da kula da shi.

Wannan dabarar ba ta fi ƙarfinku ba. A ɗaga kwano sama, a bar rata tsakaninsa da silin, a juya dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa domin ranar yamma kada ta riƙa dukansu, a yi amfani da jan bulo ko tubalin ƙasa da aka matse da inji, wanda ba ya neman fenti duk shekara. Sai dai tubalin ƙasa yana son harsashi mai tsayi na dutse ko kankare da rufin da zai kare shi daga feshin ruwa, kuma yana son maginin da ya san aikinsa. Katakon rufi kuwa a shafe shi da maganin gara, ko a koma ƙarfe idan aljihu ya yarda.

Ba zan yanke maka adadin kuɗi ba, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2024 mun ga buhun siminti ya haura naira 10,000 cikin 'yan makonni. Ku biya masanin ƙididdigar gini ya rubuta muku kowane abu da yawansa, daga rodi har ƙusa, sannan ku ba 'yan kwangila uku takarda iri ɗaya su sa farashi, in ba haka ba, za ku kwatanta abubuwan da ba su yi kama da juna ba. Ku ware kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, ku riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai ginin ya ga damina guda. Kada ku manta da katanga da magudanar ruwa da fitilu, domin sau da yawa su ke cinye kuɗin da ba a zata ba.

Idan an samu rara, a gina 'yan shaguna biyu ko uku kusa da ƙofa, a ba masu sayar da abinci da lemo haya, a rubuta tun yanzu cewa kuɗin hayar na albashin maigadi da mai shara da gyaran famfo ne. Ɗakin taron kuma a bar masa fili a cikin zane, a dasa darbejiya kewaye da filin tun daminar bana, a gina shi a zango na biyu idan an ga yawan masu zuwa ya kai.